Gashi sau ɗaya tak a ɗakin tiyata: mu sayar da filin ko mu dakata?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka, kanmu ya kulle. Yayata ce, shekararta 52. Wata biyu da suka wuce tana wanka ta ji ɗan ƙullutu a nononta na hagu. An yi hoto, an tsakuro tsoka an kai gwaji, sakamako ya fito sankarar mama ce. Girman abin santimita 2 da 'yan kai. Likita ya ce ta zo da wuri, ba sai an cire nonon duka ba, ƙarin kawai za a yanke, amma bayan nan dole a yi mata gashi da hasken inji (radiotherapy) sau 15. Garinmu babu injin, sai an yi tafiyar awa biyar.

To jiya wani mutum mai kai marasa lafiya Indiya ya zo gidan ta hannun abokin mijinta. Ya ce can akwai gashin da ake yi sau ɗaya tak, tana kan gadon tiyata tun ba ta farfaɗo ba, a saita shi daidai ramin da aka ciro ƙarin, shi ke nan an gama. Maigidanta har ya fara maganar sa filinsa a kasuwa. Da gaske akwai wannan abu, ko dai cin kasuwa ne?

Uwar Biyu:
Wa'alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne. Ni dai duk wanda ya zo da maganar "sau ɗaya tak" a harkar daji ina ɗaga masa gira.

Baban Sadik:
Allah Ya ba ta lafiya. Hajiya, idan da hali ku tafi kawai. Fili ana sake saya, rai fa? Mahaifiyata na yi jinya, an rubuta mata gashi sau 25. An yi tara inji ya tsaya. Mako uku muna sintiri ana cewa mu dawo gobe, muna biyan kuɗin ɗaki a garin da ba mu san kowa ba. Ba zan faɗi asibitin ba, amma abin da na gani ba na yi wa maƙiyina fatansa. Wanda za a yi sau ɗaya a wuce wurin ai shi ne kwanciyar hankali.

Anti Nas:
Maman Hanifa, abin akwai shi, ba ƙarya mutumin ya yi ba. Amma rabin zancen ya gaya muku. Bari Likita ya shigo, shi ne ɗan gari a nan. Kafin nan ki duba mana takardar gwajin: an rubuta ER da PR (masu nuna ko sankarar tana jin maganin homon) da HER2 (wani sinadari da ke sa ta saurin girma)? Kuma me aka ce game da hammatarta?

Maman Hanifa:
Anti, ban ga waɗannan haruffan ba. An ce akwai wani gwajin da aka tura, sai mako mai zuwa. Hammata kuma likitan ya daɗe yana lalubawa, ya ce sai an duba a tiyata.

'Yar Gidan Malam:
Ba shi ne allurar nan mai tsada da ake cewa tana bin ƙwayar cutar ita kaɗai ba? An yi wa ƙanwar babana.

Anti Nas:
A'a ƙanwata, wancan Herceptin ne, magani ne da ake sawa a jijiya, kuma sai wadda gwaji ya nuna tana da HER2. Nan maganar haske ake yi, wanda muke cewa gashi.

Likita:
Salamu alaikum. Allah Ya ba Yaya lafiya. Na karanta daga sama, bari in yi tsawo kaɗan.

Idan aka cire ƙari aka bar nono, ana bin sa da gashi ne saboda ƙwayoyin da ido ba ya gani da suke saura. Wannan ba abin wasa ba ne: babban nazarin da aka haɗa a Oxford a 2011, na mata fiye da dubu goma, ya nuna a cikin shekara 10 cutar ta dawo wa kashi 35 cikin 100 na waɗanda ba a gasa ba, amma kashi 19 na waɗanda aka gasa. Kusan rabi ke nan.

Sai wasu likitoci a Landan suka lura cewa in cutar za ta dawo a nonon, galibi a gefen tsohon ramin take ɓullowa. Suka ce to me ya sa za a haska nono gaba ɗaya? Daga nan Jayant Vaidya da Michael Baum da Jeffrey Tobias na University College London suka fara abin da suka sa wa suna TARGIT, a 1998. Na'urar sunanta Intrabeam, kamfanin Zeiss na Jamus ke yin ta. Likitan tiyata yana ciro ƙarin, sai a zura wata 'yar ƙwallo mai sanda a cikin ramin, a tattaro tsokar nono ta manne mata, a kunna. Minti 20 zuwa 50, a ciro, a ɗinke. Hasken mai rauni ne da gangan: a jikin ƙwallon yana da ƙarfi sosai, amma kafin ya yi nisan santimita ɗaya ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa. Shi ya sa zuciya da huhu ba sa samun komai sai ɗan abin da ba a rasa ba.

An gwada shi a kan mata 2,298 a ƙasashe 10, aka buga sakamakon dogon zango a mujallar BMJ a 2020. Bayan shekara 5, cutar ta dawo a nonon ga kashi 2.11 na masu sau ɗaya, kashi 0.95 na masu gashin da aka saba. Wajen mutuwa da sankarar kuma babu bambanci. Masu binciken suka ce ratar ba ta da yawa, ya ci jarrabawa. Wasu masana har yau ba su gamsu ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Su waye aka gwada a kansu? Mata 'yan 45 zuwa sama, masu ƙarin da bai wuce santimita 3.5 ba, kuma mafi yawansu irin sankarar nan ce mai sanyi wadda ke jin maganin homon, hammata lafiya lau. Sannan duk da wannan zaɓen, kusan mace ɗaya cikin biyar sai da aka ƙara mata gashin nono gaba ɗaya daga baya. Dalili, cikakken sakamakon ƙarin ba ya fitowa sai kwanaki bayan tiyata. Lokacin ne za a ga ko cutar ta taɓo bakin yankan, ko ta shiga kaluluwar hammata. Wato kina iya sayar da fili, ki je, a yi sau ɗayan, bayan kwana goma a ce miki har yanzu sai an yi na makonni. Mai kai ku ya faɗi wannan?

Maman Hanifa:
Wallahi Likita bai faɗa ba. Cewa ya yi ana yi an gama.

Baban Sadik:
Likita, da girmamawa, ni lissafinka ma goyon bayana ya yi. Biyu cikin ɗari da ɗaya cikin ɗari. Mace ɗaya ce tsakani. Kuma huɗu cikin biyar sun gama a rana guda. Ku kuna kwatanta shi da gashin Landan inda inji ba ya tsayawa. Kwatanta shi da namu, wanda za a fara a yanke a tsakiya. Wanne ya fi?

Likita:
Malam, wannan tambayar mai ƙarfi ce, ba zan kauce mata ba. Su kansu masu TARGIT hujjarsu ke nan: mace mai nisa da inji, gara sau ɗaya tabbatacce da sau 25 da ba za a kammala ba. Kuma akwai matan da ke yarda a cire nono duka ba don cutar ta kai ba, sai don ba za su iya jelen gashi ba. Ga mace 'yar 65 mai ɗan ƙari kamar gyaɗa, mai jin homon, hammata fes, ni ma ba zan yi jayayya da kai sosai ba.

Amma Yaya ba mu san ko ita ce wannan matar ba. Gwajin homon bai fito ba. Hammata ba a tantance ba. Kuma irin sankarar da ba ta jin homon ba ta da HER2, wadda ta fi saurin yaɗuwa, ta fi yawa a matanmu fiye da Turawa. In ita ce, maganar gasa bakin rami kaɗai ba ta taso ba, ƙila ma kemo za a fara kafin wuƙa.

Ka kuma ji ɗaya gwajin da dillalai ba sa ambata. A Milan ta Italiya an yi makamancinsa da wani nau'in haske daban, sunansa ELIOT, mata 1,305. Su ba su tace marasa lafiyar sosai ba, kuma galibi ba sa ƙara gashi daga baya. Bayan shekara 5: kashi 4.4 a kan 0.4. Bayan shekara 15: kashi 12.6 a kan 2.4. Rayuwa dai ɗaya, amma dawowar cutar ninki biyar. Ko a Ingila inda aka haifi TARGIT, hukumarsu ta NICE a 2018 ba ta amince a mai da shi abin yi ga kowa ba, ta ce a yi a inda injin yake tuni, ana bibiyar sakamako.

Baban Sadik:
To na ji. Amma har yanzu ba ka gaya mini yadda za ta yi da injin da ke mutuwa ba.

Hajiya Ta Ingila:
Salam. Ban cika magana a nan ba amma wannan ya taɓa ni. Ni aka yi wa, a 2021, nan inda nake zaune. Nima na hagu ne. Na je da shirin makonni, sai aka ce min kwana biyar ne, Litinin zuwa Juma'a. Na ɗauka rowa suke yi saboda korona. Likitar ta zaunar da ni ta ce bincike suka yi a ƙasar, kwana biyar ɗin daidai yake da mako ukun. Ba a ɗakin tiyata ba, injin nan dai na kullum. Kwanciyar ba ta kai minti 15 ba, hasken kansa ba a jin komai, ko ɗumi. Abin da ya fi ba ni wuya riƙe numfashi: za a ce ki ja iska ki cika ƙirji ki riƙe, sannan su kunna. Sai da na yi ta gwadawa a gida ina ƙirga 20, yara na yi min dariya.

Me ya sa ba za a tambayi likitanta ko za a yi mata na kwana biyar ba? Ai da sauƙi a kan Indiya.

Mai Saita Inji:
Hajiya ta kawo maganar da nake jira. Ni aikina ke nan, lissafin haske da saita shi, ba likita ba ne ni. Ma'aunin da muke auna gashi sunansa Gire. Tsohon tsari Gire 50 ne a raba 25, mako biyar, irin na mahaifiyar Baban Sadik. Sai gwajin START na Birtaniya ya nuna Gire 40 a raba 15 ya wadatar, shi aka rubuta wa Yaya. Na Hajiya sunansa FAST-Forward, an buga a mujallar Lancet a 2020, mata 4,110: Gire 26 a raba 5. Bayan shekara 5 dawowar cutar kashi 1.4 ne a na kwana biyar, 2.1 a na mako uku. Bai gaza ba ko kaɗan.

Ku duba abin da wannan ke nufi a wajenmu. Inji ɗaya, gurbin da mace ɗaya ke cinyewa a tsarin 25 zai ɗauki mata biyar. Kuɗin ɗaki na mako ɗaya. Damar inji ya tsaya miki a tsakiya ta ragu sosai. Ni a ganina wannan ne "saiti" da ya fi amfanar matan Arewa, ba ƙwallon Zeiss ba. Sharaɗinsa dai tunda kowane zama mai nauyi ne, sai an tsara da hoton CT, an tabbatar hasken ya bazu daidai ba ya taruwa a wuri ɗaya. Ba kowace cibiya ce ta fara shi ba, kuma in za a haɗa da hammata da wuya, da yawa likitoci sun fi natsuwa da 15 ɗin.

Riƙe numfashin da Hajiya ta faɗa kuwa, in huhu ya cika yana ture zuciya baya, ta yi nesa da hanyar hasken. Yana da muhimmanci a nonon hagu. Wani nazari na 2013 ya nuna kowane Gire ɗaya da zuciya ta sha a matsakaici yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da kusan kashi 7 a kan wanda mutum yake da shi dama. Don haka a tambaya ko suna yi.

Sannan ko gasa ɓangare kaɗai ake so, ana iya yi da injin waje bayan sakamako ya fito, an san da wace irin cuta ake. An gwada a Birtaniya da Florence ta Italiya, ya yi kyau ga masu ƙaramin haɗari. Ba sai an yi caca a kan gadon tiyata ba.

Uwar Biyu:
Ikon Allah. Mu dai da "gashi" muka sani, ashe shi ma suna ya tara.

Maman Walida:
Ni tsorona daban. A unguwarmu ana cewa in ƙarfe ya taɓa daji shi ke nan ya fusata, in aka gasa kuma naman ya ƙone. Maƙwabciyarmu ana yi mata aiki wata huɗu ta rasu.

Anti Nas:
Maman Walida, Allah Ya jiƙanta. Amma ki tambaya yaushe ta fara jin ƙullutun, za ki ji shekara ɗaya ko biyu. Ni a ɗakin mata nake aiki. Yawancin waɗanda ke zuwa mana nonon ya riga ya fashe yana wari, an sha rubutu, an shafa, an yi sakiya, an ce jifa ne ko sammun kishiya. Sai a kawo ta a ƙarshe, ta rasu, a ce wuƙa ce. Wannan muhawarar da kuke yi ta sau ɗaya ko sau biyar, wallahi a cikin mata goma da nake gani da ƙyar biyu su cancanci a yi ta a kansu. Sauran maganar cire nono duka ake yi, da kemo, da gasa ƙirji da hammata. Yayar Maman Hanifa tana cikin masu sa'a, shi ya sa raina ke ɓaci in ga dillali zai cinye musu lokaci da neman biza.

Ƙonewa kuma, fata takan yi duhu, ta yi ƙaiƙayi, wani lokaci ta saɓule a ƙarƙashin nono, musamman mako ɗaya ko biyu bayan an gama. Tana warkewa. Banda ruwan zafi, banda dirza da soso, banda man bilicin da turare a wurin.

Maganin Gargajiya Sahihi:
[Admin ya goge wannan saƙo]

Admin:
Mun sha faɗa, ba a tallar magani a nan. Wanda ya sake sai waje.

'Yar Maraɗi:
Mu a Nijar sai 2021 aka buɗe wurin gashi na farko, a cibiyar kansa ta Yamai. Kafin nan sai dai a fita waje ko a haƙura. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, don haka maganar kwana biyar ɗin nan ta shige ni. Tambayata, wadda aka gasa za ta iya kwana da jikokinta? Innata ta ce sai an ware mata kwano.

Mai Saita Inji:
Babu ware kwano, 'yar uwa. Ana kashe inji hasken ya tafi, kamar kashe fitila. Ba ta ɗauke da komai. Ta rungumi jikoki, ta yi girki. Mai ciki dai ba a gasawa, don haka in akwai shakkar ciki a faɗa tun kafin a fara.

'Yar Gidan Malam:
Na ji ana yin zanen tatu a ƙirji don saiti. Ya halatta kuwa?

Hajiya Ta Ingila:
Ɗigo uku ne ƙanana kamar tusar jaki, sai kin nema za ki gani. Na tambayi malaminmu ya ce lalura ce ta magani. In ba ki so, wasu wuraren da alƙalami suke yi su manna leda a kai, sai dai ki kiyaye kar ya goge. Ni abin da ya fi damuna buɗe ƙirji gaban namiji ne. Na nemi mace, ranar da akwai aka ba ni, ranar da babu na rufe ido na yi ta salati.

Baban Sadik:
Shi ke nan, na sauko daga maganar Indiya, amma ba duka ba. Maman Hanifa, kafin a yanka ku je da ƙafarku ku ga injin yana aiki, ku tambayi masu jira a benci, ba ma'aikata ba, wata nawa suka yi a layi. Ku kuma riƙe wuri na biyu a hannu, ko Abuja ko Legas. In aka bar nono sannan gashin ya gagara wata shida, ai an yi ba a yi ba. Nan Likita ba zai musa min ba.

Likita:
Ba zan musa ba, daidai ne. In babu kemo a tsakani, so ake a fara gashi cikin wata ɗaya zuwa biyu bayan tiyata, da zarar ciwon ya warke. A karɓi takardar turawa tun yanzu a shiga layi. Filin kuma a bar shi tukuna. In gwaji ya nuna HER2, allurar da Anti ta ambata ta shekara guda ce, a nan ne za a nemi kuɗi da gaske. Ku kuma tambayi ofishin walwalar marasa lafiya game da asusun tallafin masu kansa na Gwamnatin Tarayya, sankarar mama tana cikin waɗanda ya ƙunsa.

Maman Hanifa:
Salam 'yan uwa, na dawo. Sakamakon ya fito jiya. ER akwai, HER2 babu, likita ya ce labari ne mai daɗi, za ta sha ƙwayar homon na shekaru. Amma hoton hammata ya nuna kaluluwa ɗaya da ba su yarda da ita ba. Na karanta masa abin da kuka rubuta, ya yi dariya ya ce wa ya koya min Gire. Ya ce in kaluluwar ta fito da cuta, sau ɗayan nan dama ba nata ba ne, kuma 15 zai tsaya a kai. In ta fito lafiya zai rubuta wa masu gashin su duba ko za su yi mata na biyar. An sa tiyata ranar Talata ta sama.

Mutumin Indiya ya kira sau huɗu, yanzu cewa yake farashi zai tashi ƙarshen wata. Maigidanta ya daina ɗauka.

Saura masauki. Akwai wanda ya san ɗakin haya na mako uku kusa da asibiti, mai banɗaki a ciki? Mu biyu ne, ni da ita.

Uwar Biyu:
Wane garin aka tura ku? Ki yi min magana ta akwatin sirri. In inda nake zato ne, ƙanwar maigidana tana can, ɗakin bakinta babu kowa tunda 'yarta ta yi aure. Sai dai ku zo da fanka mai caji.